Luwar ko Andalus a kan keke cikin watan Yuli

Ƙanena, tambayar da ka kawo wa zauren nan namu na 'yan Damagaram ita ce: babban hutu ya zo, kana da mako biyu da keke da tanti a can Faransa inda kake karatu, kana ruwan ido tsakanin bin kogin Luwar da gangarawa Andalus, kudancin Sifaniya, don ka ga masallacin Kurɗuba da fadar Alhamra da ke Garnaɗa. Har ka ƙara da cewa ɗan Damagaram ba ya gudun rana. A Yuli dai Luwar zan tura ka, kuma wannan ƙarin naka ne ya fi sa ni.

Ranar gida daga inuwa muka san ta. Cikin Afrilu da Mayu, idan zafi ya haura digiri 40, wa ka taɓa gani ya ɗaura kaya niƙi-niƙi a keke ya nufi Gure da azahar? Ko 'yan garuwa sukan ajiye kura su nemi gindin itace. To Kurɗuba a Yuli kusan haka take: zafin yini yakan tsaya wajen digiri 37, kuma a garin La Rambla da ke lardinta aka auna 47.6 ranar 14 ga Agusta 2021. A Tur, tsakiyar hanyar Luwar, abin da aka saba bai wuce 26 zuwa 27 ba. Can ma rana takan yi fushi, don Nant da ke kan hanyar ta kai 42 ranar 18 ga Yuli 2022, amma irin wannan kwanaki kaɗan yake yi ya wuce. Na Andalus zaunanne ne har Agusta ta fita.

Agogonsu ma zai ruɗe ka. A Kurɗuba rana ba ta tsayawa tsaka sai wajen biyu da rabi, zafi kuma ya fi tsanani tsakanin huɗu da shida, lokacin da jikinka ya saba jin sanyin la'asar sakaliya. Gari ba ya wayewa sosai sai wajen bakwai. Ka ga abin da ya rage maka na tuƙi awa huɗu ne, daga fitowar rana zuwa sha ɗaya, bayan nan sai neman mafaka a ƙauyen da kantunansa ke rufe daga biyu har biyar. A Luwar rana ba ta faɗuwa sai kusan goma na dare, kana iya tuƙi da safe, ka yi ƙailula, ka ƙara da yamma. Ƙailular nan dole ce, domin isha'i da asuba sun matso juna, barcin dare ba ya isa.

Hanyar keke ta Luwar da ake kira Loire à Vélo ta kai kilomita 900, daga kusa da garin Nebar zuwa bakin teku, wato kwatankwacin Damagaram zuwa Yamai. Shimfiɗaɗɗiya ce, da alamomi a mararraba, da yawanta kuma ba ka haɗa hanya da mota. Orleyan, Bulwa, Tur, Somur, Nant, garuruwa a jere, tsakaninsu ƙauyuka kusa-kusa. Idan gwiwa ta ƙi, jirgin ƙasa na bin kogin, yana ɗaukar keke. Daga Kurɗuba zuwa Garnaɗa kuwa hawa ne, daga mita ɗari da 'yan kai zuwa wajen ɗari bakwai, tudu bayan tudu cikin gonakin zaitun, itacen da inuwarsa ba ta isar mutum da kekensa. Akwai tsohuwar hanyar jirgi da aka mayar ta 'yan keke, Vía Verde del Aceite, ba ta da hawa mai wuya, sai dai fili ce fetal.

Ruwa kuwa, a ƙauyukan Faransa ka nemi maƙabarta: galibi akwai famfo kusa da ƙofa don masu ban ruwan furanni, matuƙa keke sun daɗe da saninsa. Ka duba dai kada a rubuta ba na sha ba ne. Ƙauyukan Andalus ma suna da famfo a dandali, amma suna nesa da juna, ruwan gorarka kuma kafin ka isa ya zama na shayi. Ko ina ka bi, riƙe haɗin da ake koya wa mata a likita: ruwa lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin cokali na gishiri. Farin da za ka gani ya bushe a wuyan rigarka da madaurin hularka, gishirin jikinka ne ya fita.

Inda na fi tausaya maka shi ne wajen kwana. Tanti ba tsakar gida ba ce. Ƙasar da ta sha rana wuni guda tana mayar da zafinta har tsakar dare, kai kuma kana cikin leda, katifar roba ta manne maka a baya, ka zuge ƙofa don iska sauro ya shigo. A Luwar dare yakan yi sanyi har ka nemi mayafi, filayen kafa tanti na hukumar gari suna nan birjik, da wurin wanka da na cajin waya, waɗanda ke da alamar Accueil Vélo kuma an shirya su ne don irinku. A Andalus yawancin irin waɗannan filaye suna bakin teku, a cikin ƙasa sun yi ƙaranci. Kafa tanti a daji haramun ne a dokarsu, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Oktoba kuma an hana hura wuta a dazuzzuka saboda gobara. Ƙarshenta ɗaki za ka kama, tantin ya zama kayan da kake ja a banza, arhar abincin Sifaniya ta tafi a kuɗin ɗaki.

Wajen abin kallo ban isa in haɗa su ba. Luwar na da fadojin sarakuna irin Shambor da aka soma a 1519, masu kyau ne, amma ba za su taɓa zuciyarka kamar masallacin Kurɗuba da sarkin Andalus Abdurrahman na ɗaya ya aza harsashinsa wajen shekarar 785 ba. Ka sani tun 1236 coci ne, ba a barin a yi salla ciki, ita kuma Alhamra ana sayen tikitinta tun da wuri. Ka ajiye wannan tafiya zuwa ƙarshen Oktoba ko Afrilu.

Idan ka yarda da Luwar, faro daga Nant ka nufi gabas, iskar teku ta fi busowa daga yamma, sai ta riƙa tura ka. Duk sa'ad da ka ji jiri, ko kai na sarawa, ko tsigar jiki na tashi cikin rana tsaka, sauka nan take ka shiga inuwa ka jiƙa riga. Idan tunani ya soma rikicewa, a kira 112, lambar ɗaya ce a ƙasashen biyu.