Fijo ko Toyota: Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗin Mota a Kebbi

Duk wanda ya shiga wurin masu sayar da motoci a Birnin Kebbi ko Jega da kuɗi daidai gwargwado zai ci karo da abu ɗaya. Ga Peugeot 307 ko 407 tana sheƙi, kujeru lafiyayyu, esi na busawa, amma kuɗinta bai kai na Corolla da ta girme ta ba. Dillali zai ce, "Alhaji, wagga mota rabonka ce." Abokin da ya raka ka kuma zai ja ka gefe ya ce, "Rufa wa kanka asiri, motar Faransa ce." Kafin ka bi maganar ɗayansu, yana da kyau ka san inda wannan baƙin jini ya samo asali, domin ba duk Fijo ya shafa ba.

Iyayenmu ba su san Fijo da wannan baƙin suna ba. Kamfanin Peugeot na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa motoci a Kakuri ta Kaduna a 1975, gwamnati kuma ta mayar da Peugeot motar hukuma, tun daga kan manyan sakatarori har ƙananan jami'ai masu karɓar bashin mota. 504, wadda ta fito a 1968 ta kuma ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, an ci gaba da yin ta a Kaduna shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. Ita ce ta yi jigilar mutane tsakanin Sakkwato da Yawuri lokacin da hanya ba hanya ba ce, akori-kurarta ta kwashi shinkafa daga fadamun Argungu, J5 kuma har gobe tana ɗaukar albasar Aliero zuwa kudu. Motoci ne na ƙarfe da kafireto, wayoyinsu ana iya ƙirga su da hannu. Makaniken da ya koyi aiki a gindin bishiya yana iya sauke injinsu ya mayar kafin la'asar.

Matsalar ta fara ne wajen shekarar 2000, lokacin da Peugeot ta sauya tsarin wutar motocinta. A da kowace fitila da wayarta da fiyus ɗinta. A sabon tsari an sa wata ƙaramar kwamfuta mai suna BSI, wadda fitilu da waifa da makullin ƙofofi da dashbod da na'urar hana sata duk suke bi ta cikinta, suna aika saƙo ta 'yan wayoyi ƙalilan. A nan rewayanmu, wato mai gyaran wutar mota, ya shiga uku, mai mota kuma ya fi shi shiga. Mutumin da ya saba da ɗan ƙwan gwaji da fere waya da haƙori, idan fitilar baya ta ƙi kamawa, sai ya janyo mata wuta kai tsaye daga wani wuri. Fitila ta kama, an biya shi, an tafi. Bayan mako biyu waifa ta fara aiki ita kaɗai, ko batir ya riƙa mutuwa cikin dare, ko motar ta ƙi tashi gaba ɗaya. A majalisa abin da za a ce shi ne Fijo aljanu gare ta.

Ba wai ina wanke kamfanin ba ne. 307 ta farko, duk da ta ci kyautar motar shekara a 2002, ta yi ƙaurin suna da matsalar wuta har a Turai inda ba a fere waya da haƙori. Maɓallin da ke bayan sitiyari mai kunna sigina da fitilu yana yawan lalacewa. Akwatin fiyus na gaban inji ba ya shiri da ruwa, ga shi yaran wankin mota sun fi son su buɗe bonet su feshe komai da injin ruwa don mai mota ya ga aiki. Ko cire batir a waɗannan motoci yana da ƙa'ida: a kashe mota, a jira 'yan mintuna kwamfutar ta yi barci, sannan a cire. Mutum nawa ne a gareji suka san haka?

Na biyu, kuma wanda ya fi cin kuɗin mutane, shi ne giyabos ɗin atomatik da ake kira AL4. Giya huɗu gare shi, Peugeot da Citroën da Renault duk sun yi amfani da shi, kuma yana cikin 206, 307, da 406 da 407 masu ƙaramin inji. Alamarsa sananniya ce. Da safe, ko bayan doguwar tafiya cikin zafi, sai ka ji motar ta buga "gam", dashbod ya rubuta gargaɗi, ta maƙale a giya ta uku. Ka kashe ka kunna, ta dawo daidai, gobe ta sake. Sau da yawa wasu 'yan bawul biyu ne na lantarki a cikinsa suka gaji, kuma wanda ya san aikin zai canza su ba tare da sauke giyabos ba. Wanda bai sani ba zai ce maka giya ta mutu, a sayo wata 'yar Beljiyam, ita ma ta zo da ciwonta. Sannan man da yake sha na musamman ne, ba jan man giya da ake zuba wa kowace mota ba. A ganina, mai zama a Zuru ko Kamba ko Bagudo bai da dalilin sayen Fijo mai wannan giyabos, komai arharta.

Sai maganar zafi. A watan Afrilu rana a Kebbi tana wuce digiri 40, kuma al'adar garejinmu ita ce duk motar da ta shigo daga Turai a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya. Wai an yi mata gyaran ƙasar zafi. Tsohuwar mota tana jurewa. Motar da kwamfuta ke auna mata mai kuwa, idan inji bai kai zafin da aka tsara ba, kwamfutar za ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ƙara mai. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ruwan rijiya kuma yana cin bututu da famfon ruwa a hankali har ranar da gasket zai ƙone a tsakanin Koko da Yawuri. Toyota ma ana yi mata wannan aika-aika, sai dai ta fi haƙuri, shi ya sa ba a ganin laifin makanike.

Akwai kuma abin da masu saye ba sa tambaya: injinan 406 da 307 da 206 bel ne ke juya tayimin ɗinsu, ba sarƙa ba. Bel yana da wa'adi, idan ya tsinke mota na tafiya bawul-bawul sun lanƙwashe, sai an buɗe kan inji. Corolla ta 2003 zuwa 2008 sarƙa gare ta, mai ita yana iya shekaru bai san da zamanta ba. Duk wanda ya sayi Fijo ta hannu, ya sa kuɗin sabon bel da famfon ruwa cikin lissafin saye, ko da mai sayarwa ya rantse jiya ya canza.

Wani dalilin kuma ba a cikin motar yake ba, a kasuwa yake. Peugeot ta bar kasuwar Amurka a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ga shi yawancin tokumbon da ke shigowa Najeriya daga Amurka suke, Toyota da Honda birjik. Inda mota ta yi yawa, nan kayan gyaranta suke yawa, yaran gareji kuma a kanta suke koyon aiki. Fulogi ko shokozoba na Corolla za ka samu a kowane gari. Sansar 407 kuwa sai an buga waya Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, a ba direban tasha, ka jira, wataƙila ta zo ba ita ba ce. Shi kansa PAN bai samu zama lafiya ba: an sayar da shi ga 'yan kasuwa a 2006, bashi ya sa AMCON, hukumar gwamnati mai karɓar basussukan bankuna, ta karɓe shi a 2012. Yanzu kamfanin Dangote Peugeot yana harhaɗa sababbi a Kaduna, amma wannan harkar masu sayen sabuwa dal ce.

To, in an zo zaɓi, 406 ita ce Fijon da zan iya ba mutum shawara a kanta ba tare da na ji kunyarsa daga baya ba, da sharaɗin ta zama manuwal mai inji 1.8 ko 2.0. Je tasha ka ga abin da direbobin dogon zango suke ja. Ba soyayya ce ta sa su riƙe 406 wagon ba, lissafi ne. Tana zama daram a kan titi ko da an cika ta, ƙafafunta suna shanye ramuka yadda fasinjan baya zai yi barci daga Jega har Kwantagora, kuma saboda an yi ta a Kaduna, makanikanta da kayanta sun bazu a Arewa fiye da na sauran 'yan uwanta. A daɗin tafiya, Corolla ta zamaninta ba ta kama ƙafarta ba. Aibinta shi ne tsufa. An daina yin ta a Turai tun 2004, don haka wadda za ka samu yau ta ga duniya, kuma da yawa sun yi haya kafin a yi musu sabon fenti. Mai V6 tana da daɗi, amma tana shan mai kamar raƙumin da ya dawo daga sahara.

307 manuwal mai inji 1.6, musamman ta bayan 2005, ana iya zama da ita idan ba a taɓa wayoyinta ba. 206 ƙarama ce, ba ta shan mai, ta dace da malamin makaranta mai zirga-zirgar cikin gari, amma ka tsaya a bayanta ka dubi tayoyin baya: idan sun karkata ciki ta sama, gatarin baya ya ci, kuma gyaransa ba na wasa ba ne. 407 kyakkyawa ce, gabanta dogo kuma ƙasa-ƙasa, ƙafafun gabanta ba sa son hanyar ƙauye, sansa kuma ta yi mata yawa. Mai zuwa gona a Suru ko Bunza da damina ya manta da ita. 301 mai inji 1.6 an yi ta ne dama don ƙasashe irin namu, ba tarkace da yawa, kuma ita ce mafi hankali cikin sababbin. Wanda aka kawo wa 208 ko 308 ko 3008 daga Turai mai inji 1.2 PureTech, ya sani bel ɗin tayimin ɗinsa cikin baƙin mai yake iyo, yana saɓulewa ya toshe hanyar mai, har kamfanin Stellantis da ya mallaki Peugeot tun 2021 ya ƙara wa'adin garanti a kansa a Turai. Da irin baƙin man da ake aunawa a galan a bakin titi, wannan inji ba zai yi tsawon rai ba. Citroën mai ƙafafun ruwa da Renault kuwa, a nan Kebbi sayensu neman magana ne.

Ɗaya ɓangaren ma, wato su Toyota da Honda, ba mala'iku ba ne. Corolla tsada gare ta fiye da ƙimarta, ba ta da faɗi, kuma ɓarayi sun fi sonta saboda dalilin da ya sa kai ma kake sonta. Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4, wadda ake kira Muscle, an san ta da shan baƙin mai, wanda ba ya duba ma'auni sai ya buga inji. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 tana da ƙarfi da daɗin tuƙi, amma kowa ya taɓa ganin wata a gefen hanya tayar gaba ta kwanta, saboda an bar bol-joyin ya ci ko an sa jabu. Bambancin shi ne waɗannan cututtuka kowane makanike ya san maganinsu.

Sai ka yi wa kanka tambaya ta gaskiya game da sayarwa. Mutanenmu da yawa mota ajiya ce a wurinsu. Idan aure ya taso, ko kuɗin taki, ko kujerar Makka, ana so a kai ta bakin kasuwa da safe a dawo da kuɗi da yamma. Corolla tana yin haka. Fijo, ban da 406 mai lafiya, sai ta yi makonni a wurin dillali tana shan ƙura, ragin da aka yi maka ranar saye kuma kai ma sai ka yi wa wani. Idan niyyarka ka hau mota shekara biyar ko shida har ta tsufa a hannunka, wannan ragi riba ce. Idan mai sauya mota ne kai duk shekara, asara ce.

Wanda ya yanke shawarar sayen Fijo, ya nemo makanikensa kafin ya nemo motar, kuma ya zama mai kwamfutar Peugeot ta ainihi, Diagbox ko PP2000, ba ƙaramar na'urar da ke karanta inji kaɗai ba. Ku je tare da sassafe, ku tarar da injin da sanyinsa, don dillali mai wayo yana ɗumama mota kafin ka iso. Murɗa makulli ka tabbatar fitilun gargaɗi sun kama duka sannan sun mutu bayan ta tashi, domin akwai masu cire ƙwan ko su liƙe shi. Idan fanka ta tashi tare da inji, mai yiwuwa an yi mata haɗin kai tsaye. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da wajen akwatin fiyus, duk inda ka ga baƙin salatif an naɗe waya, wani ya riga ka shiga. Buɗe murfin ruwa ka ga ko tsatsa ce ko mai ya gauraya. Ku hau titin Kalgo ku yi tafiya mai ɗan nisa da esi a kunne, har giya ta yi zafi ta nuna halinta. A tambaya kuma ko ta dizal ce, don da yawa daga cikin na Turai HDi ne, masu gyaransu a nan ba su da yawa.

Takardun kwastan kuma kada ka karɓi alkawari a kansu. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, mu kuma ga Kamba ga Lolo a bayan gida, motocin Kwatano ba su daina sulalowa ba. Ka kai lambar shasi ofishin kwastan a duba maka kafin kuɗi su bar hannunka, ko Fijo ce ko Toyota.