ELM327 a kan tsohuwar a-kori-kurar Toyota mai giyar otomatik: inda take da amfani da inda ta gaza

ELM327 ita ce 'yar na'urar nan da ake soka wa a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayar hannu ta Bluetooth, a karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ta adana ta manhajar Torque ko Car Scanner. Kuɗinta bai kai na canjin man giya sau ɗaya ba. To amma shin tana iya gano dalilin da ya sa tsohuwar Tacoma ko Tundra take jinkirin canja giya, ko take buga giyar da ƙarfi, ko ta ƙi shiga ta huɗu? Tana iyawa, matuƙar matsalar ta lantarki ce. Idan ta cikin giyabos ce, na'urar ba ta ganinta kai tsaye.

Da farko a san motar da za ta karɓe ta. Tun 1996 doka ta tilasta wa motocin da ake sayarwa a Amurka amfani da tsarin gano matsalar mota na OBD2, don haka Tacoma ta 1996 zuwa 2004 da Tundra ta 2000 zuwa 2004 da aka shigo da su daga can suna magana da ita lafiya lau. Giyabos ɗin yawancinsu A340E ne ko A340F mai giya huɗu, kuma ƙwaƙwalwa ɗaya ce ke riƙe da injin da giyar, shi ya sa lambobin matsalar giya ke fitowa ko a manhajar kyauta. Tsohuwar Hilux da ba ta Amurka ba kuwa, musamman mai dizal, za a iya samun soket ɗin amma na'urar ta ƙi haɗuwa. Motar da ta girmi 1996 ma ba ta buƙatarta: a haɗa ramukan TE1 da E1 na soket ɗin gwajin motar da guntuwar waya, a ƙirga ƙiftawar fitilar O/D OFF da ke gaban direba, ita ce ke ba da lambar matsalar. Lamba 62 solinoyid na farko ke nan (bawul ɗin lantarki da ke buɗe wa man giya hanya), 63 na biyu, 64 na makullin kwanbata (kwanbata ita ce ke haɗa injin da giyabos ta hanyar mai), 42 da 61 kuma sensar gudu.

Wajen saye a buɗe ido. Kamfanin Elm Electronics na Kanada da ya ƙirƙiro ta ya rufe a 2022, kuma kusan duk abin da ke kasuwa kwafi ne. Waɗanda aka rubuta wa v2.1 masu arha sosai su suka fi ba da ciwon kai a tsofaffin Toyota, domin motocin da tsarin ISO 9141-2 suke aiki, da yawa daga cikin kwafin kuwa ba su ƙware a kansa ba. Mai v1.5 ta fi riƙe haɗi. A gwada ta a kan motar kafin a biya.

Inda ta fi burgewa shi ne rabe lambobi iri biyu da ake yawan ɗauka ɗaya ne. P0753 da P0758 suna nufin lantarki bai isa solinoyid na farko ko na biyu yadda ya kamata ba: ko waya ta yanke, ko soket ya ci tsatsa, ko naɗin solinoyid ɗin ya ƙone. Nan mitar auna lantarki za a ɗauko, a zare soket ɗin jikin giyabos, a auna. Lafiyayye yana ba da om 11 zuwa 15. P0750 da P0755 kuwa suna cewa ƙwaƙwalwa ta ba da umarni, lantarki ya je, amma giyar da ta shiga ba ita aka nema ba. Wato solinoyid ya toshe da datti, ko bawul ya maƙale, ko kulocin ciki yana zamewa. Bakaniken da bai rabe waɗannan ba zai sauke giyabos gaba ɗaya saboda wayar da ɓera ya ci. Haka P0773 da P0770 suke a wajen makullin kwanbata, P0500 kuma sensar gudu ce.

Ko babu lamba ko ɗaya, bayanan da take nunawa injin na aiki suna da amfani. A duba buɗewar totur: a taka a hankali daga ƙasa har ƙarshe, lissafin ya hau sumul. In yana tsalle ko yana faɗuwa a tsakiya, sensar totur ta gaji, giya za ta riƙa hawa da sauka ba dalili. Sai zafin ruwan injin. Ƙwaƙwalwar ba ta barin giya ta huɗu ta shiga sai ruwa ya kai wajen digiri 60. A garejinmu an saba cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi, ga kuma sensar ruwa da ke iya lalacewa ta riƙa cewa injin a sanyaye yake. Sai ka ga mota da safiyar hunturu a hanyar Zariya tana kuka a giya ta uku, ana zargin giyabos, shi kuwa ba ruwansa.

Gazawarta ba ƙarama ba ce. Ba ta iya umartar solinoyid ya buɗe ko ya rufe, ba ta auna ƙarfin bugun mai, kuma zafin man giya ba ya fitowa a jerin bayananta na yau da kullum. Ba ta san komai a kan man ba. Shi sai an zaro gejin man giya, injin na aiki, mota a fili madaidaici, giya a P, mai ya yi zafi digiri 70 zuwa 80. Ja mai haske lafiya ce. Baƙi mai warin ƙuna, kuloci ya tafi. In ya zama kalar madara da ja-ja, ruwan lagireto ya shiga ta bututun sanyaya mai, kuma gara a kashe motar nan take. A karanta irin man da aka rubuta a jikin gejin, domin tsofaffin Dexron suke sha, na baya-bayan T-IV. Kwance noti a tsiyaye ba ya fitar da fiye da kamar lita 2, saura yana cikin kwanbata.

Haka nan ba ta ganin kebul ɗin da ya taso daga totur zuwa giyabos a motocin da ke da shi. Shi ke daidaita ƙarfin bugun mai: ya yi ɗaure, giya ta buga, ya saki, ta zame ta cinye kuloci. A take totur har ƙasa, injin a kashe, alamar da ke jikin kebul ɗin kada ta wuce milimita 1 daga bakin robarsa.

Gwajin da ke raba gardama ba ya ma buƙatar na'urar. A zare soket ɗin solinoyid, a tuƙa a hanyar da babu cunkoso ana canjawa da hannu. A340 mai lafiyar ciki zai ba da giya ta ɗaya a L, ta uku a 2, ta huɗu a D. In ya yi haka ba zamewa, matsalar lantarki ce, ELM327 da mita sun isa aikin. In ya zame, sai a nemi ma'aunin bugun mai da wanda ya san cikin giyabos. Gwajin zai bar lambobin ƙarya a ƙwaƙwalwa, a goge su bayan an mayar da soket, amma a rubuta na asali tukuna.

Ga mai mota ɗaya ko ƙaramin gareji, ta cancanci kuɗinta. Mai aikin giyabos kullum ya nemi babbar na'ura da ke iya kunna solinoyid. A kuma riƙa zare ta bayan an gama, domin soket ɗin yana da wuta ko an cire makulli, in mota ta daɗe a ajiye za ta shanye batir.