Majaujawa ko jirgi: wanne ya fi kwaikwayon tashin zuciyar 'yan sama jannati?

Ɗan'uwa, ka tambaya wanne ya fi kwaikwayon jiri da amai da ke kama 'yan sama jannati a kwanakinsu na farko a sararin samaniya: jirgin da ke haurawa ya nitso har mutane su yi ta shawagi a cikinsa, ko injin majaujawa da ke juya mutum. Ni dai majaujawa zan zaɓa, ko da yake jirgin ya fi ɗaukar ido.

Jirgin, irin Airbus A310 na kamfanin Novespace a Bordo ta Faransa, rashin nauyi na gaske yake bayarwa, amma na daƙiƙa 22 kacal. Kafin nan da bayan nan nauyin mutum ya kusa ninkawa, haka kuma za a yi ta maimaitawa kusan sau 30. Mutane na amai kam, sai dai aman hawa da sauka ne. Wanda ya galabaita a ciki ba lallai ya galabaita a sararin samaniya ba.

Majaujawa kuwa ba ta cire nauyi, ƙara shi take. Masu bincike na cibiyar TNO a Soesterberg ta ƙasar Holan sun riƙa kwantar da mutum rigingine, a juya shi kamar awa ɗaya da nauyin jikinsa ninki 3. Abin mamaki, sai an sauke shi rikicin ke farawa. Da ya sunkuya ko ya ɗaga kai, sai ɗaki ya juya masa, zuciya ta tashi. Wubbo Ockels, ɗan Holan da ya je sama a 1985, ya ce abin da ya ji bayan majaujawa ya yi kama da wanda ya ji a can.

Dalili yana cikin kunne. Akwai wasu 'yan tsakuwa mitsi-mitsi da ke sanar da ƙwaƙwalwa ina ne ƙasa. Cikin awar nan ƙwaƙwalwa ta saba da sabon nauyi, kwatsam aka rage shi, sai saƙon kunne da abin da take tsammani suka saɓa. Haka ɗan sama jannati ke ji idan nauyinsa ya ɓace. 'Yan sama jannatin da aka gwada kaɗan ne, amma waɗanda majaujawa ta kayar galibi su ne suka sha wuya a sama.

Jirgin ya fi dacewa da koyon motsi da gwada kayan aiki.