Na sha giyar nan mai hazo da ake kira Hazy IPA, ga yadda na same ta

Shekara 11 ke nan ina aikin bar a wani otel nan Yamai, na faro daga wanke ver har aka yarda in tsaya bayan kanta ina zuba ma mutane. Wanda ba ya sha, ko addininshi ya hana shi, ina girmama shi ƙwarai, yawancin abokaina ma haka suke kuma muna zaune lafiya, wanga rubutu ba kira ba ne ga kowa ya sha. Na yi shi ne don masu sha da kuma ƴan uwana masu aikin bar da restora, saboda na lura baƙi sun fara tambayarmu ko muna da IPA mai hazo, wata irin giya mai ƙamshi da ba a hango komi ta cikinta, da yawanmu kuwa sai mu yi shiru don ba mu san mi ake nufi ba.

Ƙanen matata ne da ke aiki a Lille ya zo hutu ya kawo mini gwangwani huɗu cikin baliz, manya masu santilita 44, na wani ɗan ƙaramin gidan giya da ke can arewacin Faransa. Yana sauka filin jirgi ko gidansu bai biya ba ya wuto wajena, ya ce yaya don Allah sa su firigo yanzu yanzu, abin nan ba ya son jira. Na juya gindin gwangwanin na ga ranar da aka ɗura ta, kwana 19 kacal. A jiki an rubuta ƙarfinta kashi 6.5 cikin ɗari, kayan haɗinta kuma ruwa, sha'ir, alkama, hatsin nan na Turawa da ake ce ma abuwan, yis, sai hublon, wato furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, iri biyu, Citra da Mosaic. Ya ce yuro 6 ya sayi kowace guda, kusan jikka 4 ke nan a kuɗinmu, gwangwani ɗaya fa.

Da na tsiyaya ta a ver gabana sai da ya ɗan faɗi. Launinta kamar an matse mangwaro nunanne an ɗan sirka da ruwa, na ɗaga ta saitin fitila na sa yatsa ta baya ban ga ko inuwarshi ba. Ni kuwa abin da patron na farko ya koya mini shi ne giya mai kyau sai ka hango mutum ta cikinta, kamar dai Bière Niger ko Flag ko Castel, in ka ga ta dame to ta lalace maida ta. Shekaru ina kan wanga karatu. Amma ina tsaye ina kallonta sai ƙauyenmu ya faɗo mini a rai, burkutun da tsofaffi ke sha a ƙwarya wa ya taɓa hango gindin ƙwarya ta cikinshi? kunun zaƙi fa, fura fa? Mu da muka tashi da abin sha mai kauri bai kamata ma a ce hazo ya tsorata mu ba, kwalba ce ta zo daga baya ta koya muna cewa sai abu ya washe yake da tsabta.

Kuma hazon nan da gangan ake yin shi. Alkama da abuwan suna da wani sinadari mai gina jiki da yawa, shi ne ke haɗuwa da abin da ke fita daga hublon su riƙe juna su tsaya cikin ruwan ba su kwanta ba, sannan ba a tace ta kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Yadda za ka bambance shi da lalacewa, hazon kirki sumul yake daga sama har ƙasa, babu gudaji babu tsaki-tsaki masu yawo, ka aje ver minti goma ka dawo yana nan yadda yake. Tawa haka ta yi. Kumfarta fara tas, mai laushi, ta yi kamar yatsa biyu kuma ta daɗe ba ta faɗi ba, tana barin zane a jikin ver duk kurɓar da na yi.

Amma inda abin yake shi ne hanci. Tun ban kai ver bakina ba, ina buɗe gwangwanin ma, matata da ke can tsakar gida ta ce wa ke yanka mangwaro da daren nan. Mangwaro ne farko, irin wanda ya nuna a bisa icce ba na ɗaki ba, sai gwaiba ta biyo, sai ƙamshin ɓawon lemu lokacin da ka murza shi da farce, can ƙasa kuma akwai wani abu kamar ɗanyen haki da aka yanke da safe. Na sake ɗaukar gwangwanin na karanta kayan haɗin har sau biyu don na yi tsammanin an zuba ruwan ƴaƴan itace, babu ko ɗigo. Duk daga hublon yake.

Bari in ɗan tsaya nan don mu masu bar mun san sunan hublon amma ba mu san aikinshi ba. Furen wani tsiro ne mai yaɗo da ke hawa igiya, masu Ingilishi na ce mishi hop, a ƙasashen sanyi yake yi, Jamus da Amurka ne manyan masu nomanshi, a Amurka kuma yawanci daga kwarin Yakima na jihar Washington yake fitowa. Abu biyu ne a cikinshi, ɗaci da mai mai ƙamshi. In ka jefa shi tukunya tun farko ya tafasa awa guda, ɗacin ne zai fito, ƙamshin ya bi tururi ya tafi, daidai da mai miya da ta sa kayan ƙamshi tun ruwa bai tafasa ba. Masu giyar hazo sai suka juya abin, kaɗan suke sawa a tafasa, tulin sai an sauke wuta, sannan su ƙara wani tulin cikin giyar tana sanyi tana tashi ko bayan ta gama. Shi ya sa ƙamshi ya yi yawa ɗaci ya yi kaɗan. Su Citra da Mosaic ɗin ma sabbin iri ne, Citra ta fito kasuwa a 2008, Mosaic a 2012, ka ga kakanninmu masu wanga aiki ba su taɓa jin irin wanga ƙamshi a giya ba.

Ita IPA, wato India Pale Ale, tsohuwar aba ce ta Ingila, giyar da ake cika ma hublon ana kai ta Indiya ta jirgin ruwa tun zamanin mulkin mallaka, daga nan sunan ya samo asali. Mai hazon kuwa ƴar jiya ce, a jihar Vermont ta Amurka ta yi suna, wajen wani mai gidan giya John Kimmich da gidanshi The Alchemist, giyarshi Heady Topper mai ƙarfin kashi 8 da suka fara sa wa a gwangwani a 2011 mutane har layi suke yi mata. Sai a 2018 ƙungiyar masu ƙananan gidajen giya ta Amurka ta ba irinta gurbi na kanta a jerin ire-iren giya.

To a baki fa. Kurɓar farko laushi na fara ji, ta cika baki kamar kunun gyaɗa marar kauri sosai, gas ɗinta ba ya cizon harshe irin na giyarmu. Ɗanɗanon ya bi ƙamshin, mangwaro da lemu, da ɗan zaƙi. Ɗacin sai da na haɗiye ya iso, kuma ba irin na maɗaci ko dogon yaro ba ne da ke kama maƙoshi ya ƙi saki, irin na gauta ne, ya taɓa ka ya wuce ya bar baki yana son ƙari. Nan na yaba ma wanda ya yi ta, don ba ƙaramin gwaninta ba ne a zuba hublon haka da yawa ɗaci bai fi ƙarfin komi ba.

Laifinta biyu na gani kuma ba zan ɓoye ba. Na farko, wajen ƙarshen gwangwanin akwai ɗan ƙaiƙayi a maƙogwaro kamar ka shaƙi garin citta, ƙurar hublon ce da ba ta gama kwanciya ba, in da na bar ɗan na ƙasan ban tsiyaye duka ba da ya ragu. Na biyu shi ne babba a wajena, ba ta kashe ƙishirwa. Mutumin da ya yini cikin ranar Yamai ya zo ya zauna yana son abin da zai wanke mishi maƙoshi, wagga ba tashi ba ce, rabin ver ka fara jin nauyi a ciki, zaƙin ya fara gundura. Gwangwani ɗaya ya ishe ni ban nemi na biyu ba a daren. Kuma ku yi hattara da ita, don tana shiga kamar ju amma ta fi giyar da muka saba ƙarfi, wanda ya sha kada ya hau moto.

Wani kuskure da na yi da ta biyu, na sa ta wajen ƙanƙara yadda kiliyan namu ke so, mai sanyi ƙarara har kwalba na hayaƙi. Ƙamshin nan duk ya ɓuya, sai ruwa mai ɗaci-ɗaci kawai. Na bar ta bisa tebur kamar minti biyar sai ga mangwaro ya dawo. Saboda haka ƴan uwa in kun samu, sanyin firigo ya isa, kuma a ver mai faɗin ciki wanda hanci zai shiga, an ɗauraye shi sosai babu sauran sabulu. Na gwada ta da kilishi ba su shirya ba sam, yajin ya danne ta ita kuma ta ƙara ma yajin zafi. Da soyayyen giwan ruwa da aka matsa ma lemun tsami kuwa, kai, kamar don juna aka yi su.

Ta uku mun raba da abokin aikina. Ta huɗun ita ce ta sa na zauna rubuta duk wanga abu. Firigon gidana ya samu matsala ga kuran yana ta ɗaukewa, watan Afrilu ne kun san yadda garin ke yi zafi ya wuce 40, sai gwangwanin ya yi sati biyar a bisa kanta cikin ɗaki. Ran da na buɗe ta wallahi sai da raina ya ɓaci. Launin nan mai haske ya koma kamar ruwan kogi lokacin da ya yi ja da damina, ƙamshin mangwaro babu shi ko kaɗan, sai warin jiƙaƙƙen kwali da wani zaƙi-zaƙi kamar tsohuwar zuma, ɗacin kuma ya zama mai kaushi. Giya guda, rana guda aka ɗura su, amma in ka ba mutum su biyun zai rantse ba gida ɗaya suka fito ba. Dalili kuwa ɗan iskar da ke saura cikin gwangwani ita ke cin man hublon a hankali, zafi kuma yana ƙara mata sauri, irin wagga giya tana da saurin mutuwa ƙwarai don duk darajarta a ƙamshin take. Ko a ƙasarsu cikin firigo ake aje ta kuma so ake a shanye cikin wata biyu zuwa uku.

Shi ya sa da patron ya tambaye ni ko mu yi odar ta tunda ana nema, na ce mishi ranka ya daɗe mu dakata. Kayan da za su sauka tashar ruwa su kwana cikin kontena a rana, su hau kamiyo su yi makonni a hanya kafin su iso Yamai, mi zai saura a ciki? Mu sayar ma mutum jikka 5 ko 6 ya buɗe ya ji warin kwali, ya tafi yana cewa giyar hazo banza ce alhali bai taɓa shan ta ba. Na ma taɓa ganin wasu IPA a wani kanti a gari, jere bisa kanta babu sanyi, na juya gindin na ga sun haura wata takwas, na maida na aje. Duk wanda ya ci karo da ita ya fara duba kwanan wata kafin kuɗi, in ba a firigo take ba ya bar musu kayansu.

Sabuwar da na sha ran farko na ba ta 8 cikin 10, na cire ɗaya don ƙaiƙayin maƙogwaro, ɗaya don nauyinta. Na riga na gaya ma ƙanen matar tawa in zai dawo ya daidaita da Disamba lokacin sanyi, kuma biyu kawai zai kawo kada ya ƙara, ni zan je in tarbe shi filin jirgi da kula cike da ƙanƙara, a daren za mu buɗe su.