Gidan Winchester: Tsakanin Labarin Fatalwa da Bayanin Tarihi

A birnin San Jose na jihar Kalifoniya a Amurka akwai wani gida mai ɗakuna kusan 160, wanda Sarah Winchester, matar magajin kamfanin bindigogin Winchester, ta yi shekaru tana faɗaɗawa tun daga 1886, kafin rasuwarta a 1922. A cikinsa akwai matakalar da ke ƙarewa a jikin rufi, da ƙofar bene da ke buɗewa ga sarari.

Masu labarin fatalwa suna cewa bayan rasuwar mijinta a 1881, wata mai duba ta gargaɗe ta cewa kurwar waɗanda bindigogin suka kashe na bibiyarta, don haka ta riƙa gini domin ta ɓatar da su.

Bayanin masana tarihi ya fi gamsarwa, ko da yake bai kai wancan daɗin ji ba. Girgizar ƙasa ta 1906 ta rushe benayen sama, aka toshe wasu sassa maimakon a sake gina su, shi ya sa wasu matakalu ba sa kaiwa ko'ina. Wasu gajerun matakalu da ke cikin gidan kuwa an yi su ne saboda amosanin gaɓɓai da ya addabe ta. Labarin fatalwar ya ƙara ƙarfi ne bayan 1923, lokacin da aka buɗe gidan ga masu yawon buɗe ido masu biyan kuɗin shiga.