Wasiƙa daga Paris zuwa Agadas: maganar jitar da ba ta riƙe saiti

Ƙanena, bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, Inna da sauran mutanen gida duk suna lafiya. Na saurari saƙon muryar da ka turo, kana kukan jitarka ba ta riƙe saiti, da ka danna sandar tiremolo, wadda ke sassauta tsirkiyoyi don sauti ya yi rawa, sai tsirkiya ta uku ta goce, ana tsakiyar biki kai kuwa kana ta faman murɗa kunne. Ka ce in sayo maka jaki, ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi, irin na Floyd Rose da sifirin masu tsada. Ba zan sayo ba, kuma ba rowa ba ce. Bari in ba ka labarin yadda kaya da aiki suke a nan.

Ta fuskar kaya dai, sai wanda ya gani. A unguwar Pigalle akwai titin Douai da titin Victor Massé, shagunan jita ne jere da juna, wani tsofaffin jita kawai yake sayarwa, wani amfilifaya. Duk ƙanƙantar abu, yana cikin 'yar ledarsa da awonsa a rubuce. Ɗauki ƙashin wuya, ɗan farin abin nan mai tsaga 6 da tsirkiyoyi ke bi ta kansa kafin su kai ga kunnuwa. Akwai na roba, irin wanda ke zuwa a jita mai araha, akwai na ƙashin gaske, akwai na tagulla, akwai kuma wanda kamfanin Graph Tech na Kanada ke yi da sunan TUSQ, har da wani samfurinsa da aka cakuɗa da sinadari mai santsi. Wanda na saya bai kai yuro 15 ba. Yuro ɗaya sefa 655 ne da 'yan kai, ka ga bai cika jaka goma ba. Sifirin sun ma fi shi araha. In kana ƙyuyar fita, sai ka yi oda ta intanet daga Thomann, wani katafaren shago da ke ƙauyen Treppendorf a Jamus, a kawo maka har ƙofa. Dokar Turai ta ba mai saye ta intanet kwana 14 ya mayar da kaya in ya fasa, su kuma sun ƙara nasu zuwa kwana 30. Mu da tsirkiya ke tsinke mana mu ƙulla ta mu ci gaba, har sai an sami mai zuwa Yamai ko Kano, wannan abu ya ɗaure mini kai da farko.

Amma hannun mutum a nan wuta ne. Mai gyaran da na kai wa tawa jitar bai ko karɓe ta ba ran da na je, rana ya sa mini kamar mai ganin likita, kuma kuɗin aikinsa ya ninka kuɗin ƙashin sau da yawa. Abin da na ci riba shi ne ya bar ni na tsaya ina kallo.

Bai fara da buɗe bayan jitar ba. Ya saita tsirkiya ta uku, ya danna ta da yatsa a can bayan ƙashin, ya saki, ya sake kaɗa ta: sautin ya hau, bai dawo ba. Ya murɗa kunne a hankali sai muka ji "ƙis". Ya dube ni ya nuna tsagar. Daga nan ya jawo magagarai ƙanana, kowane da lambarsa daidai da kaurin tsirkiya, daga 10 ta siririya zuwa 46 ta babba. Ya goga sau biyu zuwa uku, yana karkatar da hannu wajen kan jitar don tsirkiya ta zauna a bakin tsagar ta gaba, ya hure garin, ya mayar da tsirkiya, ya gwada, ya sake ɗagawa. Don auna zurfi, yakan danne tsirkiya bayan ƙarfe na biyu na wuya ya leƙa tazarar da ta rage a kan na farko, wadda bai kamata ta wuce kaurin takarda ba sosai. Gam kuwa ɗigo ɗaya tak ya sa, don gobe in za a cire kada katako ya biyo.

Ga abin da ke faruwa a jitarka. Tsarin nan Leo Fender ya fito da shi a jitar Stratocaster a 1954, kuma har yau shi ake kwaikwayo. Tsirkiyoyi 6 masu lamba 10 zuwa 46 suna jan jaki da ƙarfin da ya kai wajen kilo 45, sifirin da ke ramin baya suna jansa ta ɗaya gefen, kamar sikelin mai awon nama. Ka danna sanda, tsirkiya ta saki, ta zame ta cikin tsagar ƙashi. Ka ɗaga hannu, sifirin su mayar da jaki mazauninsa, amma in tsagar ta matse ko ta yi kaushi, sai ta riƙe tsirkiyar a hanya. Sifirin ya gama nasa aikin, laifin na ƙashi ne. A ganina, yawancin masu canza sifirin don neman saiti kuɗinsu kawai suke zubarwa, sai dai in tsatsa ta ci su ko sun miƙe.

Abin da ke da tasiri a bayan nan shi ne yawan sifirin da kuma kusoshi biyun da ke riƙe da ƙarfen da aka rataya su. Ramin na ɗaukar 5, galibi ana sayar da jita da 3. Masu son jaki ya yi lilo sama da ƙasa sukan bar tazarar kusan milimita 3 tsakanin bayansa da jikin jita. Kai ba ka bukatar haka. Kiɗanmu na yatsu ne, da babbar tsirkiya tana gurnani a ƙasa, kuma a biki sai a kwana ana yi. Sa sifirin 5, ka ɗaure kusoshin nan da sukudireba har jaki ya kwanta a jikin katako. Sandar za ta ci gaba da yin ƙasa, kuma ran da tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran ba za su goce ba. Shahararren makaɗin jita Eric Clapton ma ɗan katako ake cusa masa a ramin, jakin ya daina motsi ɗungurungum.

Shi Floyd Rose, wanda aka yi wa rajista a Amurka a 1979, yana riƙe saiti ƙwarai, don kulle tsirkiya yake yi sama da ƙasa. Sai dai sai an fafe jikin jitar kafin ya zauna, canza tsirkiya ɗaya sai da ɗan makulli, kuma kai da kake sauya saitin babbar tsirkiya daga waƙa zuwa waƙa zai zame maka ƙarfen ƙafa. Makullin ya faɗi cikin rairayi da dare, biki ya tashi.

Wani abin da ya ba ni dariya, ƙashin raƙumi da na saniya a nan a leda ake sayar da shi a matsayin kaya na musamman. Je mahauta ka karɓi ƙashin ƙwauri, ka dafa shi ka raba shi da kitse sarai, ka shanya a inuwa, don in maiƙo ya rage gam ba ya kamawa. Maƙeran azurfarmu da ke ƙera kuros ɗin Agadas suna da hannun da ya fi ƙarfin wannan aiki, abin da ba su da shi magagari mai lamba ne kawai. A ƙasar da makaɗinmu Mdou Moctar ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ba gwaninta muka rasa ba.

Man shafawa da ake sayarwa a nan don tsagar ƙashi ba zan turo ba. An yi shi ne don ɗakin da ba ƙura, a hunturunmu zai kama gari ya zama taɓo. Goga bakin fensir a kowace tsaga duk lokacin da ka canza tsirkiya. Kada naɗin da ke kan kunne ya wuce zagaye 2 zuwa 3, ka jajja sabuwar tsirkiya da hannu kafin ka hau fili, kuma ka daina barin jita a rana, zafi na sa ƙarfe ya saki.

Abin da zan ba mai zuwa shi ne tsirkiyoyi, da sifirin 2 na cikon biyar, da jerin magagaran nan, waɗanda su ne masu tsadar gaske, sun fi duk sauran kayan a haɗe. Ba naka ba ne kai kaɗai, duk makaɗin da ya nema ka ara masa. Zan haɗa da TUSQ guda ɗaya ka kwatanta da na mahauta, amma sai ka auno mini faɗin wuyan jitarka, ko milimita 42 ne ko 43, ka kuma ciro tsohon ƙashin a hankali ka ɗauko mini hoton gindinsa, don wani a miƙe yake, wani a lanƙwashe. Ka gaida Inna, ka ce mata saƙonta na tafe tare da naka.