Zuwa Damagaram: bakin boda ko ɓarauniyar hanya?

Duk ɗan kasuwar da ke tashi daga Maigatari ko Ɓaɓura zuwa Nijar yana da hanya biyu a gabansa.

Bakin boda akwai ɓata lokaci. Jami'an shige da fice su duba takardunka, kwastam su buɗe kaya, a gaba kuma jandarmomi su sake tsayar da mota. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 bincike ya ƙaru. Amma fa an san ka shiga, kana kan titi cikin jama'a, mota ta lalace za a samu mai taimako.

Ɓarauniyar hanya ta yi kasuwa ne lokacin da Najeriya ta rufe iyaka, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024. Ɗan acaɓa ya ratsa da kai gonaki da yashi, sai ga ka a Nijar. Da sauri kam. To amma idan 'yan fashi suka tare ka da kuɗin shanu a aljihu, wa za ka kira? Wani wurin ko sabis ɗin waya babu. In kuma sojoji suka gan ka ba takarda, bayani zai yi wuya.

Ni dai boda nake bi, da sassafe, bayan na faɗa wa mutanen gida motar da na hau.